Keken ba shi ne wahalar samu ba, ɗan akwatin nan ne

Jama'a duk wanda ya ce zai fara tara tsofaffin kekunan ɗinki, abin da nake fara ce masa shi ne kar ya ruɗu da ƙyallin kan keken, ya fara tambaya tukuna ina ɗan akwatin da ya zo da shi, na ƙananan ƙarafunan da ake ɗaura wa keken don aiki iri-iri. Don shi kan keken ba abin wahala ba ne, Singer kaɗai sun ƙera miliyoyi tun daga 1851 da Isaac Singer ya yi rajistar nasa, ga masana'antarsu ta Elizabethport a Amurka ga ta Clydebank a Sikotilan wadda sai 1980 aka rufe ta, kuma ƙarfe ne zalla, ba ya mutuwa da sauƙi. Af, in ka ga harafin K a jikin lambar samfurin keke kamar 15K ko 99K ko 201K, to ɗan Sikotilan ne, K ɗin Kilbowie ce, unguwar da masana'antar take.

Amma ƙananan ƙarafunan fa? Su ne suke ɓata. Mai keke ta rasu, magada su buɗe aljihun teburin su ga wasu karkatattun ƙarafuna ba su san na mene ne ba, sai a shara.

Kuma wallahi a nan basirar take. Ka tuna yawancin waɗannan kekunan ɗinki ɗaya tak suka iya, miƙaƙƙe, allura ta sauka ta tashi shi ke nan, ba ta zuwa hagu ba ta zuwa dama. To ta yaya ake yin gidan maɓalli da irin wannan? Sai masu ƙira suka ce tunda allura ba za ta matsa ba, bari yadin ya matsa. Ƙarfen gidan maɓallin nan za ka cire ƙafar keken ka ɗaura shi a wurinta, ka saƙala ɗan hannunsa a sukurun da ke riƙe allura, ka rufe haƙoran ƙasa da wani ɗan faranti, to duk sauka da tashin allura sai ya riƙa jan yadin gefe da gefe yana zagayawa da shi, wasunsu har da 'yan ƙarafuna da ake sakawa a ciki gwargwadon girman maɓallin, kuma gidan da yake fitarwa ni dai a ganina ya fi na kekunan roba da yawa na yanzu kyau, musamman in ka bar shi ya zagaya sau biyu.

Sai kuma ƙarfen tattara yadi, wanda kallo ɗaya za ka yi masa ka ce wannan ai tarkon ɓera ne, yana da wani ɗan harshe da ke tura yadi ƙarƙashin allura, za ka iya saita shi ya ninka a kowane ɗinki, ko bayan shida, ko bayan 12. Akwai na kalmasa kala-kala da ke naɗe bakin yadi da kansa, akwai na ɗora baki. Da yawa za ka ga an buga Simanco da lamba a jiki, na Singer ke nan, wasu kuma Greist, wani kamfani a New Haven ta Amurka da ya yi wa kekuna iri-iri ƙarafuna. In kuwa ka ci sa'ar akwatin katakon nan da ake warwarewa ya baje, wanda aka yi wa rajista a 1889, kowane ƙarfe da gurbinsa a ciki, kai riƙe shi da kyau ko da rabi babu.

Sai dai a kula, ba kowane ƙarfe ke shiga kowane keke ba. Yawancin tsofaffin gajeriyar ƙafa gare su mai ɗauri ta gefe, amma Singer samfurin 66 na farko-farko ta baya ake ɗaure musu, su kuma 301 da 401 allurarsu a karkace take, nasu daban ne. Mutum ya ga akwati cike ya saya da murna ya je ya tarar ko ɗaya bai hau ba.

Maganar kekunan kansu kuwa kowa da gwaninsa. Mutane sun haukace a kan Singer Featherweight 221 da ya fito a 1933, ɗan ƙarami na alminiyom wajen kilo 5, yana da kyau ban musa ba amma yayi ya sa ana tsuga masa kuɗi fiye da kima, kuma in gidan bobin ɗinsa ya ɓata ka shiga uku. Ni 201 ne nawa, sautinsa kaɗai ya isa, sumul. Ga mai farawa kuwa 15 ya fi, don bobin da allurarsa har gobe ana yin su, shi ne ma aka yi ta kwaikwayo a Japan bayan yaƙin duniya na biyu, irin su Butterfly na Sin duk jikokinsa ne. Masu ƙoshiya da dogon bobin irin 27 da 128 a bari sai hannu ya faɗa. Doguwar lambar da aka buga a jikin gadon keken kuma ita za ta gaya maka shekararsa, jerin lambobin Singer na nan a intanet.

Don Allah kar a wanke zanen ruwan gwal ɗin nan da sifirit ko ruwan sabulu, yana cinye fentin saman, gwal ya koma fari kuma ba ya dawowa. Man keke da tsumma mai laushi kawai. Mai lantarki kuma a duba wayarsa kafin a jona, robar ta kan bushe ta farfashe.

Su ma ƙarafunan mai suke so, ɗigo ɗaya a gaɓoɓin na tattara, sannan a samu ƙyalle a gwada kowanne, don sau da yawa wanda ake cewa ya lalace ba a ɗaura hannunsa a sukurun allura ba ne kawai.