Shekara shida da na yi ina ƙirga kwanaki a ofis

Ranar Larabar da ta wuce, wajen ƙarfe 11 na safe, na shiga kasuwa sayen dusa, sai na tarar da ɗan ƙanena zaune a rumfar POS yana ƙirga kuɗi. Wata uku ke nan da aka ba shi hedimasta a wata firamare. Na ce, "Kai, yau babu makaranta ne?" Ya ce, "Baffa, ai mataimakina yana nan. Ni yanzu na wuce riƙe alli." Shekarunsa 38. Na tsaya ina kallonsa, bakina ya yi nauyi, domin na taɓa faɗar wannan maganar da bakina. Ni dai sai da na haura hamsin na faɗe ta.

Na fara koyarwa a 1979 da takardar malanta mai daraja ta biyu, lokacin da shirin UPE na 1976, wato ilimin firamare kyauta ga kowa, ya cika azuzuwa da yara har ana karatu a gindin bishiya. Daga baya na ƙaro karatu, na koma sakandare, na yi ta hawa har na zama shugaban makaranta. Ƙa'idar aiki a lokacinmu ita ce shekara 35 a bakin aiki ko 60 a duniya, duk wadda ta riga zuwa. Tun 2008 na zauna na buga lissafi na ga 2014 zan ajiye. Daga ranar nan gangar jikina ce kawai take zuwa makaranta.

Da farko na saki ajin ƙarshe da nake koyar wa lissafi, ajin da ban taɓa bari ba ko da na hau kujera. Sannan na bar wa mataimakina taron safe. Littattafan shirin darasi kuwa a tara mini su, in sa hannu ba tare da na buɗe ko shafi ɗaya ba. Ƙarfe sha biyu na kama hanyar gidan kajina.

Ba haka kawai na yi ba, kuma wanda bai zo gab da ritaya ba ba zai gane ba. Ina ganin waɗanda suka riga ni fita suna layin tantancewa cikin rana, wasu da sanda, kuɗin sallamarsu shiru shekara da shekaru. Ina da 'ya'ya uku a jami'a, ga gida ban gama rufi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Har yau idan na tuna kajin nan ne suka riƙe gidana bayan na ajiye aiki, sai in ce wa kaina ai ban yi laifi ba.

Amma na yi. A 2012 wani dattijo manomi ya zo ofishina, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Malam, yaron wajena ya ce tun farkon zango ba wanda ya shiga ajinsu koyar da lissafi." Na ce ba zai yiwu ba. Na sa aka kawo rajista. Malamin yana sa hannu kullum, ni ma ina sa hannu a ƙarƙashin nasa, alhali mako tara bai taka ajin ba. Da na kira shi, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, "Ranka ya daɗe, mun ga kai ma kana da uzuri ne." Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya take sha. Yaran nan sun zauna jarrabawar WAEC a shekarar. Na san yadda sakamakon ya fito, kuma ina haɗuwa da wasunsu a gari, suna gaishe ni da girmamawa. Gaisuwar nan ta fi komai yi mini ciwo.

Kuma ba wai ban ga misali ba. Malam Aminu Kano, wanda shi ma malamin makaranta ne a Bauchi da Maru, ya rasu a watan Afrilun 1983 yana ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar PRP, bai ajiye ba. Ɗan Masanin Kano, Maitama Sule, ido ya tafi amma sai a kama hannunsa a kai shi taro ya yi wa matasa magana, har kusa da rasuwarsa a 2017. Ni da idona biyu, da mota, da albashi, na kasa zagaya azuzuwa goma sha biyu. A 2022 an sa hannu a dokar da ta kai ritayar malamai shekara 65 ko 40 a aiki. Da ni aka ƙara wa shekara biyar ɗin a wancan halin, yaran mutane ne za su ƙara cutuwa.

Na so in zaunar da ɗan ƙanen nawa in yi masa doguwar nasiha, amma yaran yanzu kana magana suna latsa waya, kuma gajiyar da muka yi bayan shekara talatin su sun fara ta tun ba su cika goma ba. Me ka yi da har ka gaji? Abin da na iya faɗa masa kaɗan ne. Ka riƙe aji ɗaya, ko da sau biyu ne a mako, har ranar da za ka miƙa makulli. Kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba. Rumfar nan ka rufe ta. A'a, kada ka rufe, fansho ba abin jingina ba ne, ni na sani. Ka sa yaro, ka zo bayan an tashi. In kuma zuciyarka ta riga ta bar makarantar, ka rubuta takarda ka sauka, a ba mai so.

Ya ce, "To Baffa, in sha Allahu," idonsa na kan wani mai cirar kuɗi. Ranar Litinin ƙarfe bakwai da rabi zan je ƙofar makarantar tasa in zauna, in ga wanda zai tsaya gaban yara.