Tamanin a cikin hazo

Laraba, bayan sallar isha'i.

Yau kwana goma sha ɗaya da bas ta kaɗe Auta a hanyar Zariya, gaba da Kura kaɗan, kuma yau aka sa za a yi zaman sulhu. Tun da na dawo daga masallaci da asuba ban runtsa ba. Na leƙa waje, hazon nan na nan daram, darbejiyar ƙofar gidan maƙwabcinmu ma da ƙyar nake hango ta. Haka garin yake ranar da Auta ya hau mashin zai je gonarsa ta tumatir a Kadawa.

Na fara biyawa asibiti da kunun gyaɗar da Hajiya ta dama. Yana kwance rigingine, an sa masa ƙarfe a cinyar dama, leɓɓansa duk sun tsage saboda hunturu. Ya kurɓi kunun sau uku ya ture kofin. Bai yi mini maganar ƙafar ba, sai cewa ya yi, "Yaya, tumatirin nan fa ya nuna." Na ce ya bar wannan a hannuna, alhali ban san wa zan tura ba. Kuɗin aiki da magani da jini zuwa yau sun kai naira 870,000, rasit ɗin duk suna cikin wata baƙar leda a aljihun motata.

Daga nan na wuce ofishin Barista, abokina tun makarantar sakandare. Abin da ya hana ni sakat tun ranar farko shi ne maganar direban, wadda ya maimaita wa 'yan sanda, ya maimaita wa Kawu: wai shi tamanin yake yi, kuma doka ta ba shi har casa'in, saboda haka tsautsayi ne kawai. Ni kaina na fara yarda.

Barista ya ce ta fuskar lamba direban bai yi ƙarya ba. A ƙa'idar tuƙi ta Najeriya, a babban titi mai hannu biyu ƙaramar mota ta gida tana da kilomita 100 a awa, tasi da bas 90, tirela da tanka 60, cikin gari kuwa 50 ga ƙananan motoci. Amma ya ce wannan lambar iyaka ce ta ranar da gari ya yi wasai, titi a bushe, ido na ganin nesa. Dokar hanya ta kuma hana tuƙi da gudun da zai jefa jama'a cikin haɗari, kuma ana auna hakan ne da halin da hanyar take ciki da yawan masu binta a lokacin. Ke nan mutum na iya yin ƙasa da abin da aka rubuta a allo, kotu ta same shi da sakaci.

Sai ya jawo bayan wata ambulan ya yi mini lissafi da biro. Motar da ke tamanin tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa ɗaya. Kafin ido ya gani, ƙwaƙwalwa ta fahimta, ƙafa ta kai kan birki, wannan 22 ɗin ta tafi. Bayan an taka birkin kuma motar za ta ƙara cin sama da mita 30 kafin ta tsaya, idan tayoyinta da birkinta lafiya lau suke. Ya ɗago ya tambaye ni, "Shi da bakinsa nisan me ya ce yana gani?" Na ce ya faɗa wa 'yan sanda bai ga Auta ba sai da ya zo dab da shi, saboda hazo. Barista ya ajiye biron ya ce, "To ai ya gama ba da shaida a kan kansa. Wanda ba ya ganin gabansa, me ya kai shi tamanin?"

Na daɗe ina kallon ambulan ɗin. Gaskiya ni ma na sha yin ɗari a wannan hanyar da sanyin safiya, na kunna fitila ina ganin na yi abin kirki.

Ya kuma bayyana mini cewa shari'a biyu ce a nan. Ta 'yan sanda daban, ita ce ta laifin tuƙin ganganci, tsakanin gwamnati da direba, kuma ko an ci shi tara ba aljihunmu za ta shiga ba. Ta neman diyya ita ce tamu, mu za mu shigar, mu kawo hujja: zanen wurin da 'yan sanda suka yi, rahoton jami'an duba lafiyar motoci (VIO) a kan motar, takardar likita, rasit, da shaidu. A ciki ana iya neman kuɗin magani, da asarar sana'a, da wahalar da mutum ya sha. Kuma ba direban kaɗai ba, har mai motar, muddin aikinsa direban yake yi. Sai dai ya gargaɗe ni cewa shari'a tana cin shekaru, kuma akwai wa'adin da in ya wuce ba a shigar da ita.

Maganar inshora kuwa ta ƙare ne cikin minti biyu. Tun 2023 kuɗin inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida, kuma dole ce a kan kowace mota. Barista ya sa lambar bas ɗin a rumbun bayanan inshora ta wayarsa. Babu ita. Takardar da suka nuna mana, mai hatimi ja da kyan gani, ta bogi ce.

Ina shirin tashi ya ce, "Akwai abin da ba ka faɗa mini ba?" Na yi shiru, sannan na ce fitilar bayan mashin ɗin ta mutu tun watan jiya, kuma Auta ba ya sa hular kwano. Ya ce ta hular ba ta da tasiri sosai tunda ba a kai ya ji ciwo ba, amma fitilar za ta iya sa alƙali ya raba laifin, ya rage abin da za a biya gwargwadon kason Auta. Ba za ta wanke direban ba.

Bayan la'asar muka zauna a zauren Kawu. Mai motar ya zo da dattawa biyu daga tasha, direban na rakuɓe a bakin ƙofa kusa da takalma. Yaro ne, da ƙyar ya girmi Auta, hannunsa na ta murza hularsa. Da aka ba shi dama ya ce, "Baba, wallahi ban yi da gangan ba. Balas nake kaiwa kullum, in ban yi sawu biyu zuwa Kaduna ba, ba na fita." Tausayinsa ya kama ni, haushin mai motar kuma ya ƙaru, don shi yana gefe yana jan carbi kamar baƙon da aka gayyato.

Ɗaya daga cikin dattawan tashar ya ɗauko zancen ƙaddara, ya ja shi da tsawo: abin da Allah ya rubuta ba makawa, a yi haƙuri, ga dubu ɗari biyu a sayi magani. Kawu ya fara gyaɗa kai. Liman ne ya tare, cikin sanyin murya. Ya ce, "Alhaji, ƙaddara gaskiya ce, ba mai musu. Amma Allah da ya ƙaddara shi ne ya wajabta diyya a kisan kuskure, yana nan cikin Suratun Nisa'i. Rauni ma malamai sun yi masa ƙima. Yafiya kuwa haƙƙin wanda ke kwance ne, ba namu ba." Zauren ya yi tsit.

Nan na fito da ambulan ɗin na karanta musu lissafin Barista. Na kuma faɗi maganar fitilar da bakina, duk da hararar da Kawu ya watso mini. Gara su ji daga gare mu da su tono ta daga baya. Da na ambaci inshorar, carbin mai motar ya tsaya. Ya ce shi ma wani ne ya yanko masa ita a bakin ofishin lasin, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa.

Har aka kira magariba ana ja. Inda aka tsaya: mai motar zai ɗauki kashi uku cikin huɗu na kuɗin asibiti, na baya da na gaba har a cire ƙarfen, a biya sau uku, ya kuma gyara mashin. Asarar gona suka ƙi taɓawa ƙememe. Na ce a rubuta, Liman da dattawan su zama shaidu, amma ba zan sa hannu ba sai Barista ya duba, Auta kuma ya ji da kunnensa. Kawu bai ji daɗi ba. A ƙofar gida ya ce mini, "Kai dai boko ya sa maka taurin kai." Na ce, "Allah ya huci zuciyarka, Kawu."

Ɗazu na kira Auta na karanta masa takardar. Ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko direban yana da iyali. Na ce mata ɗaya da jariri. Ya ce zai kwana da maganar. Sannan ya ba ni lambar wani yaro a Kadawa da zai iya tara masu tsinka ranar Juma'a, ya ce in tabbatar an kai kwanduna arba'in, kada in yarda dillali ya yi musu kuɗi tun a gona.