Ƙarar firiwil ɗin tsohon keke

Duk wanda ya daɗe yana hawan tsohon keke ya san ƙarar nan da ke tashi daga ƙafar baya da zarar an daina taka feda: tik-tik-tik, a jere, ba gaggawa. Firiwil ne ke yin ta. Nawa keken Raleigh ne baƙi, mai birkin ƙarfe da ƙafa inci 28, firiwil ɗinsa kuma mai haƙora 18, giya ɗaya tal. Da kunne nake fara gane lafiyarsa.

Kayan cikinsa ba su da yawa. Akwai zoben waje mai haƙora wanda sarƙa ke hawa, akwai cibiyar da ke ɗaure da ƙafar. A tsakaninsu akwai layi biyu na ƙananan ƙwayoyin boris, da wasu 'yan harsuna biyu na ƙarfe waɗanda siririyar waya ke turawa waje. In ka taka gaba, harsunan su cije a tsagin da ke cikin zoben, ƙafa ta juya. In ka bar takawa, sai su riƙa zamewa a kan tsagin, kowace zamewa ita ce tik ɗin da kake ji.

Da hunturu ya yi nisa, ƙarar nawa ta fara dushewa, har ta ɗauke gaba ɗaya. Mutane da yawa murna suke yi da wannan shirun, suna ganin keke ya yi laushi. Ni hankalina bai kwanta ba, don shirun na nufin tsohon giris ya haɗu da ƙura ya daskare, ya riƙe harsunan. Ranar da suka ƙi tasowa, feda za ta tafi fayau ba ta ja komai ba, kuma in a tsaye kake bisa ita da buhu a kariya, faɗuwa ce mai muni.

Na kai wa wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu. Ya juya ƙafar, ya kara kunne, ya ce, "Ɗana, kada ka yi saurin buɗe shi. Wanke shi tukuna." Na ce, "To Baba, da me?" Ya ce kananzir ya isa.

Haka na yi a gida. Na kwantar da keken ta gefen hagu, firiwil yana kallon sama, na riƙa juya feda baya har na ga siririn tsagin da ke raba ɓangaren da ke juyawa da wanda ke tsaye. Nan na dinga ɗiga kananzir ina juyawa. Abin da ya fito ta ƙasa baƙi ne ƙirin, da yashi a ciki, ana jin sa tsakanin yatsu. Da ya tsane na ɗiga sabon man inji kaɗan. Ban yarda da baƙin man da aka juye daga mota ba, ko da kyauta ne, saboda garin ƙarfen da ke cikinsa. Na kuma goge wanda ya zuba, don birkin irin wannan keken a jikin rim yake kamawa.

Ƙarar ta dawo, amma da wani gurzo a ƙarƙashinta, dole sai da na buɗe. Murfin yana da 'yan ramuka biyu, kuma ɗaurinsa na hagu ne: wajen da hannun agogo ke bi ake bugawa ya kwance. Ƙusa da ƙaramar guduma na sa, a hankali. Kafin nan na shimfiɗa farin ƙyalle a faranti, don ƙwayoyin nan da an ɗaga zoben suke watsewa. A ƙarƙashin murfin akwai wasu zobba sirara kamar ɓawon albasa. Kada ko ɗaya ya ɓata, su ne ke daidaita sararin da boris ke gudu a ciki.

Wajen mayarwa ne aikin haƙuri. Na shafa giris kaɗan a hanyar boris, iya wanda zai riƙe ƙwayoyin kada su gangaro. Harsunan kuwa mai kawai na sa musu, giris bai taɓa su ba. Da suka ƙi kwanciya, sai na bi dabarar Baba: na naɗe su da zaren ɗinki, na zura zoben, sannan na zare zaren a hankali. Ina juyawa na ji tik-tik ɗin ta fito tas, gurzon ya tafi.

Akwai ciwon da mai ba ya magani. In haƙoran waje sun cinye sun lanƙwashe, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle duk lokacin da ka danna da ƙarfi, sai dai canji. Cire tsohon kuwa wahala ce, don kowace takawa ƙara ɗaure shi take yi, shi ya sa ake shafa giris a wurin ɗaurin kafin a sa sabo. Nawa haƙoransa da sauransu, don haka na bar shi. Yanzu ina ɗiga masa mai bayan duk ruwan da ya dake mu a hanya, ina kuma wanke shi da kananzir in hunturu ya wuce.