Zafi da ƙurar Kano ne ke kashe batir da inbatar RX 400h da Highlander Hybrid

Cikin tsofaffin jif masu haɗa fetur da lantarki, waɗanda suka fi shigo mana gareji su ne Lexus RX 400h ta 2006 zuwa 2008 da Toyota Highlander Hybrid ta 2006 zuwa 2010. Uwa ɗaya uba ɗaya suke: inji V6 mai lita 3.3, babban batir mai bolt 288 a ƙarƙashin kujerar baya, sai inbata a gaba, wato na'urar da ke sarrafa wutar batirin ta miƙa wa injinan lantarki, mai ɗaga wutar har bolt 650. Kaya uku ne ke karya aljihun mai su: batir, inbata, da na'urar matsin birki. Na farko da na biyu ba kasafai suke mutuwa haka siddan ba. Yawanci wani ƙaramin abu mai araha ne ya daina sanyaya su, ba a kula ba.

Batirin ƙwaya 30 ne a jere, kowace bolt 9.6, kwamfutar motar kuma tana karanta su bibbiyu, rukuni 15. Fankoki uku ne ke ba shi iska, daga cikin motar suke zuƙo ta, ta ramukan da ke ƙasan kujerar baya. A nan Kano take cutarsa. Ƙurar hunturu ta daskare a fukafukan fankokin, yara su cusa leda da takardar biskit, a tare ramin da jaka ko darduma, sannan zafin Afrilu ya zo ya haura digiri 40. Alamar farko, inji ya daina mutuwa a gosulo, cajin da ke kan allo ya riƙa cika da sauri yana zubewa da sauri, fanka na ihu a baya. Daga baya lambar matsala P0A80, mai cewa a canza babban batir, ta fito a kwamfutar gwaji.

Ko na ga wannan lamba ba na cewa a sayo batir. Techstream, manhajar gwajin mota ta Toyota, nake sa wa motar, ta yi READY (alamar da ke nuna ta kunnu), in danne birki sosai in sa giya in ɗan taka totur, ina kallon rukunan nan 15. Wanda ya faɗi ƙasa da 'yan'uwansa da kusan bolt 1.2, ɗaya daga cikin ƙananan baturan da ke cikin ƙwayoyinsa ne ya mutu. In kuwa lambobin tsalle suke yi ba kan gado, sai in duba farantan tagulla da ke haɗa ƙwayoyin da siraran wayoyin awo. Sau da yawa tsatsa ce kore shar ta cinye su, wankewa ko canzawa ya wadatar. Kafin hannu ya taɓa komai a nan, a sa safar hannu ta masu lantarki, a zare fulogi mai ruwan lemo da ke yanke wutar batirin, a jira minti 10, a gwada da mita. Wutar tana kashe mutum.

Canza ƙwaya ɗaya shi ne mafi sauƙin kuɗi, amma in ba a daidaita cajinta da na sauran ba, watanni kaɗan motar za ta dawo. Cikakken batir na Beljiyam ya fi, sai dai shi ma tsoho ne, don haka a gwada shi a kan mota kuma a yi yarjejeniyar mayarwa kafin a biya. Ƙwayar Prius ba ta shiga: ita bolt 7.2 ce mai jikin roba, ta waɗannan kuwa mai jikin ƙarfe ce.

Inbata tana da ruwan sanyayawa nata daban da na inji, da tankinta da famfonta na lantarki. Gwajin ba ya cin ko sisi: mota na sanyi, a kunna ta yi READY, a buɗe murfin tankin. Ruwan ya kamata ya riƙa motsi. In yana kwance lumui, famfo ya tafi, P0A93 na tafe, kuma kuɗin inbata ɗaya zai sayi famfo da dama. Ruwan sanyayawa na Toyota mai launin ruwan hoda ake zubawa, ban da fiyawata da ruwan bohol, a kuma fitar da iska tsaf bayan an canza. Toyota ta taɓa kiran a dawo da waɗannan motoci don gyara a Amurka a 2011 da 2013 saboda matsala a cikin inbatar, ana iya duba lambar shasi a intanet a ga ko an yi wa taka aikin. Ga masu jona batir kuma: motar ba ta da kik ba ta da altaneta, inbatar ce ke cajin ƙaramin batir mai bolt 12. Juya waya sau ɗaya yana iya ƙona ta. Shi kansa ƙaramin batirin in ya yi rauni yana kunna fitilun gargaɗi barkatai, shi ya sa nake fara gwada shi.

Birki kuwa shekaru ne ke cin sa. Ɗan gurnanin da ake ji in an buɗe ƙofar direba lafiya ce, famfo ne ke tara matsi. In yana tashi bini-bini alhali mota na tsaye ba a taka birki ba, matsin yana zurarewa, C1391 ko C1256 za su biyo. Ba a faci, canza na'urar ake yi, kuma fitar da iskar birkin sai da kwamfuta, bakanike mai "taka, riƙe" ba zai gama shi ba. Lambar jikin tsohuwar ake kai wa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano, in babu a aika ta Ladifo a Legas. Farashi dala yake bi, a tambaya ranar da za a saya.

Injin 3.3 da tayimin bel yake aiki, wa'adinsa mil 90,000, kusan kilomita 145,000. Tunda ba a yarda da mitar motar da aka shigo da ita, ina canza shi da wata-fam da tenshina gaba ɗaya, aikin kwancewar ɗaya ne. Highlander ta 2011 zuwa sama da RX 450h sarƙa gare su, ba ruwansu da wannan. Man giya ATF WS kaɗai, har da injin lantarkin baya a masu jan ƙafa huɗu.

Saura mai cika gas ɗin esi. Kwamfiresar motar nan ta lantarki ce, man da ke cikinta yana taɓa wayoyi masu babbar wuta, don haka ND-11 kawai take sha. Man esin mota gama-gari, ko ɗan ragowarsa a tiyo, yana sa wuta ta zurara zuwa jikin mota, P0AA6 ta fito, mota ta ƙi yin READY. Ruwan da ya shiga ƙarƙashin kujerar baya, na damina ko na masu wanki da tiyo, lambar da yake kawowa ke nan. Saboda haka in na gan ta, tambayata ta farko ga mai mota ita ce: Alhaji, ina aka cika gas, kuma yaushe aka wanke cikinta?