Maki biyar da na kwashe wa ɗalibata kan tsunami

Shekara tara ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare nan cikin Sakkwato, kuma duk shekarun nan abin da nike hwaɗa wa yara shi ne tsunami, wato ƙatuwar igiyar ruwa mai hawa tudu da ƙarhi, a teku kawai yake faruwa. Haka anka koya mani, haka ni ma na riƙe.

Zangon da ya wuce na sa tambayar a jarabawar 'yan SS2, wata yarinya ta rubuta cewa tabkin da ke tsakanin duwatsu ma yana iya yi. Na ja mata jan biro, maki biyar sunka tahi. Ta same ni ofishin malamai ta ce Malam don Allah a sake dubawa, ni kau ko takardar ban karɓa ba, na ce ɗiyata koma aji, tabki ai ruwa ne kwance. Maki biyar ɗin nan su sunka sauke ta daga ta ɗaya zuwa ta ukku.

Sai da hutu ya zo ina shirya darasi na zauna na bincika, wallahi jikina ya yi sanyi. A 1601 girgizar ƙasa ta zabtaro laka ƙarƙashin tabkin Lucerne a Suwizalan, ruwa ya tashi kamar mita 4 ya hau tudu. A Norwe akwai tabkin Lovatnet, can ko girgiza ba a yi ba, ɓangaren dutse ne ya ɓalle ya rikito cikin ruwa a 1905 mutum 61 sunka mutu, ya sake a 1936 ya ci 74. Ga dam ɗin Vajont a Italiya, 1963, gefen dutse ya zame cikin ruwan, ruwa ya tsallake bangon ya kashe kusan mutum 2,000 alhali bangon yana nan tsaye. Kuma duk wannan yana cikin waya, minti goma da na ba ta ranar da ya ishe ni.

Da anka koma makaranta na zo da babban baho na wanki, na tara yashi gefe guda, na jera kwalayen ashana a matsayin gidaje. Da farko munka girgiza bahon, ruwa ya riƙa kai da komo, ya ɗan jiƙa yashi. Sannan na jingina katako na sako rabin bulo ya gangaro ciki. Ban ƙihta ido ba ruwa ya share kwalayen duka har ya fantsamo kan 'yan layin gaba. Nan na gane abin da kyau: girgizar tana iya zama sanadi kawai, abin da ya hwaɗa cikin ruwan shi ke ture shi, kuma tabki ƙarami ne ba kamar teku ba, ruwan zai iso gaɓa cikin 'yan mintoci, babu lokacin jiran sanarwa. Wanda ke bakin irin wanga tabki in ya ji ƙasa ta motsa, tudu zai nema nan take.

Wani yaro ya ce Malam to dam ɗinmu na Goronyo fa? Na ce ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, babu dogon dutsen da zai rikito ciki, mu ambaliya ce matsalarmu irin ta 2010.

Malamai 'yan uwana, in yaro ya biyo ka da takardarsa, karɓa ka duba ko da kana ganin ka sani. Ni na tsaya gaban aji na ce ita ke da gaskiya, na roƙe ta gafara, ta ce ba komai Malam. Amma sakamako an riga an buga an raba, babanta ta ukku ya gani. Na rubuta wa ofis takardar neman gyara, sati biyu ke nan ina bin ta.