Kwalayen Alhaji

Asabar, Bronx

Ban yi niyyar fita ba yau saboda sanyi, amma ko shayi ban gama sha ba Alhaji ya kira. Mutumin Zangon Kumasi ne, ya girme ni nesa ba kusa ba, sana'arsa sayen kayan gwanjo yana lodawa a kwantena zuwa Tema, tashar jiragen ruwa ta Ghana. A nan Amurka idan mutum ya kama ɗakin ajiya ya daina biyan haya, masu wurin kan yi gwanjon abin da ke ciki, mai saye kuwa daga bakin ƙofa zai leƙa ya taya. Irin wannan ɗaki Alhaji ya saya don ya hango firji da kekuna, sai ya tarar da dogayen kwalaye a bayan katifa, maƙil da komik, mujallun zanen nan na su Superman da Spider-Man.

"Ɗana, an ce kai ne malamin takardun yaran nan. Zo ka duba min, in san ko shara zan kai su ko gida zan saya da su."

Ashe yaron shagonsa ne ya nuna masa a waya cewa an sayar da guda ɗaya dala miliyan 6. Kuma yaron bai yi ƙarya ba. Action Comics lamba 1 ce, ta shekarar 1938, wadda Superman ya fara bayyana a cikinta. Senti 10 aka sayar da ita a lokacin, a watan Afrilun 2024 kuma kamfanin gwanjo na Heritage ya sayar da kwafi ɗaya a kan wancan kuɗi. A Nuwamban 2025 wata Superman lamba 1 ta 1939, wadda wasu 'yan'uwa suka tsinta cikin kayan marigayiya mahaifiyarsu a Kalifoniya, ta tashi sama da dala miliyan 9. Duk lokacin da irin wannan labari ya fita, kowa sai ya tuna da wani kwali da ke gidansu. Su kuwa Jerry Siegel da Joe Shuster da suka ƙirƙiro Superman, dala 130 aka ba su suka sallama shi dungurungum.

Na same shi a ɗakin ƙasa inda yake tara kaya, ya shimfiɗa tabarma, ya jera kwalayen a gabansa. Da na ɗaga murfin na farko na san inda aka dosa. Kowace mujalla tana cikin ledarta da ɗan kwali mai tauri a bayanta, bango yana ƙyalli, babu ko lanƙwasa. Alhaji sai murmushi yake yi. Ni kuwa gwiwata ta yi sanyi, don duk 'yan shekarun 1990 ne. X-Men lamba 1 ta 1991 kaɗai na ƙirga kwafi goma sha wani abu, ga Superman lamba 75, wadda aka kashe Superman a ciki a ƙarshen 1992, har yanzu a rufe cikin baƙar ledarta.

Na ce, "Alhaji, waɗannan sai haƙuri."

Ya ce, "Kamar yaya? Sababbi ne fa kar, ko buɗe su ba a yi ba."

Na ce ai abin da ya kashe su ke nan. Waccan X-Men ɗin fiye da kwafi miliyan 8 aka sayar, har yau ana lissafa ta a matsayin komik ɗin da ya fi kowanne fita. A shekarun nan mutane sun ji labarin kuɗin da tsofaffin ke yi, sai kowa ya dinga sayen biyar, goma, yana sa wa a leda yana jiran arziki. Kamfanoni suka ga kasuwa ta buɗe, suka dinga buga mujalla ɗaya da bango iri-iri don a saya duka. Da abin ya fashe shaguna suka yi ta rufewa, kamfanin Marvel mai buga X-Men da kansa ya je kotu a Disamban 1996 ya ce bashi ya fi ƙarfinsa. Mai wannan ɗaki yana cikin waɗanda suka saya suka ɓoye. Shi da dubban irinsa duk sun adana nasu lafiya lau, shi ya sa yau kowane shago yana da su a kwalin dala ɗaya ko biyu.

Na 1938 kuwa ba wanda ya ɗauke su a bakin komai. Takarda ce mai araha irin ta jarida, yaro ya karanta ya naɗe ya cusa a aljihun baya, ya ba abokinsa, uwa ta share ɗaki ta zubar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta tara tsofaffin takardu don a sake sarrafa su, komik da yawa can suka tafi. Bayan yaƙi wasu garuruwa har taruwa suka yi suna ƙona su, wai suna lalata tarbiyyar yara, maganar ta kai gaban Majalisar Dattawa a 1954. Daga kwafi kusan 200,000 na Action Comics lamba 1, abin da ake kyautata zaton ya rage bai wuce wajen 100 ba.

Alhaji ɗan kasuwa ne, bai bari na ƙarasa ba. "Wato waɗannan kwantai ne." Na ce kwantai ne. Ya tura kwalin gefe da ƙafa.

Muka yi ta bi har azahar, ba abin kirki. Bayan mun yi salla muka jawo wani ɗan guntun kwali da ke can ƙasa, ba leda a ciki, warin tsohuwar takarda ya buge ni tun kafin in sa hannu. Farashin da ke jikin bango senti 20, senti 25, wato 'yan tsakiyar shekarun 1970. Waɗannan an karanta su da gaske, wasu ma an rubuta suna da biro a sama. Ina cikin zarowa ɗaya bayan ɗaya sai ga jan bango, ga Hulk koren nan, ga wani mai kaya ruwan ɗorawa da shuɗi ya zaro farata ya yi kansa. The Incredible Hulk lamba 181, Nuwamban 1974, labarin Len Wein, zanen Herb Trimpe. Nan ne Wolverine, wato mai faratan nan, ya fara fitowa sosai, don a lamba 180 a hoton ƙarshe kawai aka nuna shi. Duk mai tara komik ya san wannan bango. Na ce wa Alhaji ya ajiye kofin shayinsa can nesa.

Na wanke hannu na goge, na ɗora ta a kan wani faffaɗan kwali. Bangon yana nan a maƙale. Gadon bayan yana da 'yan farar tsaga guda huɗu ko biyar inda aka riƙa lanƙwasawa, kusurwar ƙasa ta dama ta ɗan dakushe. 'Yan ƙarafa biyun da suka ɗinke tsakiya ba su yi tsatsa ba, abin da ya ba ni mamaki ga kayan da suka daɗe a ɗakin ajiya. Takardar ciki ta koma ruwan madara, amma ba ta bushe ta fara karyewa ba. Ina buɗewa a hankali, shafi bayan shafi, gabana yana faɗuwa, don na san abin da nake tsoro. A shafin wasiƙun masu karatu na tarar da shi: rami mai kusurwa huɗu, an yanke da almakashi, gefe ɗaya ma a karkace.

A shekarun 1974 da 1975 Marvel ya riƙa buga wasu 'yan hotuna masu lamba a cikin mujallunsa, guda 100 ne jerin, yara su yanka su manna a wani ɗan littafi. Wanda ke cikin wannan lamba hoton wata jaruma ce, Shanna, wadda yau ba kowa ke tunawa da ita ba. Yaron da ya yanke ya yi abin da kamfanin ya ce ya yi ne. Labarin kansa bai taɓu ba, ana iya karanta shi daga farko har ƙarshe. Amma a kasuwa mujallar ta zama mai naƙasa.

Alhaji ya leƙa ramin ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ragon layya ne, ga ƙiba ga ƙaho, an yanke masa kunne."

Da la'asar sakaliya muka kai ta wani shagon komik da na saba zuwa. Mai shagon dattijo ne, bai cika magana ba. Ya sa tabarau, ya fara da ƙirga shafuka. Ya ɗauko rula ya auna gefe, don wasu kan datse bakin da ya tsufa da reza ya yi kamar sabo. Sannan ya kashe fitila ya haska bangon da wata 'yar tocila mai shuɗin haske, yana neman inda aka cike farar tsaga da alƙalami ko aka shafa gam. Duk wannan gyara ne, kuma masu tara komik sun fi son tsohuwar da ba a taɓa ba a kan wadda aka yi wa kwalliya. Tamu ba a taɓa ta ba. Ya kunna fitila ya taya dala 900.

Alhaji ya ce da ni da Hausa, "Gaya masa albarka." Na gaya masa da Turanci iya yadda ya samu. Ya ƙara 100. Alhaji ya sake cewa albarka, ya miƙa hannu a ba shi kayansa.

Ni ban ga laifin dattijon ba. Akwai littafin farashi na Overstreet da ke fita tun 1970, akwai kuma shafukan intanet da ke nuna nawa aka sayar da kowace lamba kwanan nan, kuma wannan na biyun shi ne abin dubawa, don kuɗin da mutum ya rubuta yana nema daban, wanda aka biya daban. Amma mai shago ba zai biya wancan kuɗin ba. Yana biyan haya, zai ajiye ta wata da watanni kafin mai so ya zo, idan kasuwa ta sauka kuma shi za ta faɗa wa. A 2021 farashi ya yi tashin gwauron zabi, har Amazing Fantasy lamba 15 ta 1962, fitowar Spider-Man ta farko, ta kai dala miliyan 3.6, daga baya abubuwa da dama suka sauko.

Shi da kansa ya ba mu shawarar a aika ta CGC, kamfanin da ke Sarasota a Florida, wanda tun 2000 yake tantance komik. Su duba, su ba da maki daga 0.5 zuwa 10, su rufe ta a cikin roba mai tauri da takardar shaida a sama. Shuɗiyar takarda na nufin lafiya lau, ruwan malmo na nufin an yi gyara, ruwan ɗorawa an sa hannu a gaban shaida, koriya kuma akwai wani aibi na musamman da aka rubuta. Tamu koriya za ta samu saboda ramin. Duk da haka da wannan shaida baƙon da ke wata jiha zai iya saya ba tare da ya taɓa ta ba, shi ne amfanin abin. Ni nawa ba na rufe su. Akwai wata Fantastic Four lamba 52 ta 1966 a wurina, wadda Black Panther ya fara fitowa a ciki, ta sha jiki, bangon ya kusa rabuwa da ita, na saye ta ne don in riƙa buɗewa ina kallon zanen Jack Kirby. Idan aka rufe ta a roba, bango kawai ya rage min. Amma ta Alhaji ta sayarwa ce, a rufe ɗin ta fi masa.

A mota yake ba ni labarin mujallar African Film da suke rububi suna yara, mai hotunan Lance Spearman, wanda kowa ke kira Spear. Na ce mu kuma a gidanmu yayana yana da Powerman, wanda aka riƙa bugawa don kasuwar Najeriya daga 1975 zuwa 1977, kuma Turawan Ingila biyu da suka zana shi, Dave Gibbons da Brian Bolland, daga baya sun zama manyan sunaye a wannan sana'a. Ya tambaya ina suke yanzu. Na ce gara ta ci rabi, mai ƙosai ta naɗe da sauran. Tarin da masu harkar nan suka fi girmamawa, na Edgar Church, wanda aka gano a Denver a 1977, ya tsira ne don yana jibge a ɗaki mai sanyi da duhu, a garin da iskarsa busasshiya ce. Akwatin yayana a ƙarƙashin gado yake, damina tana zuwa tana wucewa.

Mun tsayar da magana: ranar Litinin zan cike takardun aikawa, kuɗin tantancewa daga aljihun Alhaji, in an sayar zai ba ni la'ada, ko da yake na ce ya bari. Sauran 'yan 1970 ɗin zan sa su a leda in bi su a nutse, wataƙila a sami masu ɗan kuɗi. Kwantan kuma ya ce Tema za su, akwai mai sayar da littattafai a bakin titi da zai karɓa.

Da zan sauka ya miƙo min bayan wata rasit da biro, wai in rubuta masa lambobin da zai riƙa dubawa idan ya je gwanjo. Na rubuta Action Comics 1, Detective Comics 27 ta Batman, Amazing Fantasy 15, Hulk 181. Ya ce wannan ta miliyan 6 yaya bangonta yake. Na ce Superman ne ya ɗaga koriyar mota sama yana fyaɗa ta da dutse, mutane suna gudu. Na ƙara masa da cewa an sha sake buga ta, ta 1974 ma ta fi ta asali girma sosai, don haka idan ya gani ya kira ni tukuna kafin ya kira dillalin gidaje.