Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Jinin Ranar Haihuwa a Ɗakin Awo Ake Tara Shi

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan tarihi. A makon jiya mun tsaya inda aka ɗauke ni daga ɗakin haihuwa aka mayar da ni ɗakin awo. Wannan makon zan jingine labarin kaina, in shimfiɗa muku aikin ɗakin tukuna, don wanda bai san shi ba, abin da zai biyo baya ba zai shige shi ba. A cikin duk abin da ake dubawa a ɗakin nan, babu wanda ya kai jini cin raina.

Jinin mai ciki ƙaruwa yake yi, amma ruwansa ya fi ƙwayoyinsa saurin ƙaruwa. Ruwan kan ƙaru da kusan rabin abin da take da shi a da, su kuwa jajayen ƙwayoyin da ke ɗaukar iska ba sa kai haka. Shi ya sa ko lafiyayyar mace aka gwada a tsakiyar ciki za a ga jinin ya ɗan tsinke, kuma wannan ba ciwo ba ne. Ciwo yana farawa in ma'aunin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jajayen ƙwayoyin, ya sauka ƙasa da 11, wato PCV, kason jajayen ƙwayoyi cikin ɗari na jini, ƙasa da 33. In ya yi ƙasa da 7, PCV wajen 21, to ya wuce a ba ta ƙwaya a ce ta dawo wata mai zuwa. Binciken lafiyar jama'a na Najeriya na 2018 ya samu kusan mata masu ciki shida cikin goma da ƙarancin jini.

Ciki ɗaya yana cin sinadarin ayon, wato sinadarin ƙarfe da jiki ke gina jini da shi, wajen miligiram 1,000 daga farkonsa zuwa ƙarshe. Kusan 300 na ɗa ne da mabiyiya, 500 na ƙarin jinin uwar, saura kuma abin da jiki ke zubarwa yau da gobe. Ajiyar ayon a jikin mace kamar rumbu ce, ciki ya ɗiba, haihuwa ta ɗiba, in ba a mayar ba kafin wani cikin ya shigo sai a tarar da shi wayam. Mai kwanika da yarinyar da ita kanta ba ta gama girma ba su suka fi shiga wannan hali.

Ga dalilin da ya sa nake nanata maganar. A watan haihuwa, jinin da ke ratsa mahaifa a minti ɗaya ya kai rabin lita ko fiye. Haihuwa lafiya lau ma tana iya tafiya da jini har rabin lita. Mai PCV 36 za ta zubar da wannan ta tashi ta sha kununta. Mai PCV 22 kuwa, wannan jinin dai shi zai kai ta ga suma, kafin dangi su gama neman wanda zai ba da leda ɗaya lokaci ya ƙure. Tun kafin ranar ma, zuciya tana wahala wajen zagaya tsinkakken jini, ɗa yana iya zuwa bakwaini ko ya zo ba nauyi.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne: tafin hannu da cikin fatar ido da harshe su koɗe, haki daga ɗan share tsakar gida, jiri, faɗuwar gaba ba dalili. Akwai kuma wadda mutane ke ɗauka kwaɗayin ciki ne kawai, wato cin farar ƙasa, ko ɓantarar katanga, ko tauna ƙanƙara. Sau da yawa wannan ƙarancin ayon ne, kuma ƙasar da ake ci tana ƙara hana hanji tsotsar ɗan ayon ɗin da ke cikin abinci, ga tsutsar ciki da take kawowa. Amma ido yana ruɗi. A yi gwaji a zuwan farko, a sake wajen mako na 28, a sake in haihuwa ta matso.

Yanzu ƙwayoyin awo, inda aka fi yin ɓarna. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar wa kowace mai ciki shi ne ayon miligiram 30 zuwa 60 da folik asid miligiram 0.4 kullum. Jar ƙwayar nan da ake ce wa Fersolate, mai miligiram 200, ainihin ayon ɗin da ke cikinta wajen 60 ne, don haka ɗaya a rana ta wadatar a matsayin rigakafi. Wadda gwaji ya nuna jininta ya riga ya yi ƙasa akan ninka mata, a sake gwada ta bayan mako biyu zuwa huɗu a ga ko yana hawa. In bai hau ba, kafin a ce maganin bai yi ba a tambaye ta yadda take sha.

Da yawa da shayin safe suke haɗiye ta. Ganyen shayi yana da sinadarin da ke kama ayon ya hana shi shiga jini, madara ma tana tare shi. Haka farin ruwan maganin ƙwannafi da masu ciki ke yawan saye a kemis, haka ƙwayar kalsiyam. A bar tazarar awa biyu tsakaninsu da jar ƙwaya. Abin da ke taimakonta shi ne tsami mai bitamin C, kamar lemun zaƙi, lemun tsami a ruwa, gwaba, ko jiƙon garin ƙwamen kuka. Ta fi shiga jiki in ciki ba komai, amma wadda take tayar wa zuciya ta sha bayan abincin dare, hakan ya fi a daina gaba ɗaya. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne, ragowar ayon ne ke fita. In ya yi tauri a ƙara ruwa da ganye da gwanda nunanniya. Kuma don Allah a ɓoye ledar daga yara, don jar ƙwaya tana kama da alewa, kuma yaron da ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi.

Sai maganar da ta fi yawo a gidajen suna, wai maganin awo yana sa ɗa ya yi ƙato a kasa haihuwarsa. Ayon jinin uwa yake ginawa. Abin da ke kumbura ɗa fiye da kima yawanci ciwon sukarin ciki ne, wanda ake gwadawa tsakanin mako na 24 da na 28. Haihuwar da ke tsayawa a wajenmu kuwa ta fi zuwa daga ƙugun da bai gama buɗewa ba. Binciken da Farfesa Kelsey Harrison ya jagoranta a Zariya, wanda ya bi haihuwa 22,774 aka wallafa shi a 1985, ya nuna mutuwa ta fi yawa nesa ba kusa ba a matan da ba su taɓa zuwa awo ba. Ya kuma nuna wani abin da har yanzu yake burge ni: 'yan mata masu cikin fari da aka ba maganin rigakafin maleriya da na ƙarin jini, tsayi suka ƙara a cikin watannin cikin.

Folik asid kuwa aikinsa mafi girma a makonni huɗun farko yake, lokacin da lakar baya da ƙwaƙwalwar ɗa ke rufewa. A lokacin mace ba ta ma tabbatar da ɓatan wata ba. Ga kunyar cikin fari, wadda ke sa a ɓoye shi sai ya turo riga a wata na shida. Ni dai a ganina amarya ta fara shan folik tun daga ɗakinta, kuma zuwan awo na farko kada ya wuce mako na 12. Tsarin da hukumar ta fitar a 2016 zuwa takwas ne, ba huɗu ba kamar da.

Ko an sha ƙwaya yadda ya kamata, sauro yana iya rushe aikin. Ƙwayar maleriya tana fasa jajayen ƙwayoyin jini, kuma a mai ciki takan je ta maƙale a mabiyiya ta tare wa ɗa abinci, alhali uwar ba ta jin zazzaɓi, wani lokaci gwajin yatsa ma bai nuna ba. Mai cikin fari ta fi kamuwa da wannan. Maganinsa Fansidar, ƙwaya uku lokaci ɗaya, a haɗiye a gaban ma'aikaciya. Ana farawa daga mako na 13, a maimaita da tazarar wata guda, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Ba a ba mai cikin da bai kai wata uku ba, ba a ba wadda jikinta ke ƙin magungunan salfa, ba a ba mai shan Septrin kullum. Akwai wani ƙulli a nan da ko ma'aikata sukan tsallake: 'yar rawayar ƙwayar folik da ta cika kasuwa mai miligiram 5 ce, kuma wannan yawan yana rage wa Fansidar ƙarfi. Ko a nemi mai 0.4, ko a tambayi ma'aikaciya yadda za a raba su. Gidan sauro kuma kowane dare, har da bazara. Maganin tsutsa, albendazol miligiram 400, sau ɗaya bayan wata uku. Mai sikila ita ba ta cikin lissafin jar ƙwaya gaba ɗaya, kada ta sha ayon sai likita ya gwada ya ce.

Mu koma tukunya. Ba cin mutum biyu ake nema ba. A watanni ukun farko kusan ba a buƙatar ƙari, laulayi ma ba zai bari ba, sai a riƙa ci kaɗan-kaɗan sau da yawa. Daga wata na huɗu ƙarin bai wuce ɗan ƙaramin kwano ɗaya a rana ba, abin dubawa shi ne me ke cikin kwanon. Tuwo da miya tsululu safe da dare yana cika ciki, ba ya gina jini. Ayon ɗin nama da kifi ya fi na ganye saurin shiga jiki nesa, kuma ɗan kaɗan daga cikinsu a miya yana jawo na ganyen ma ya shiga. Ɗan busasshen kifi a daka shi da ƙayarsa a zuba a miyar kuka da daddawa ya yi aiki. Ƙwai ɗaya dafaffe a rana, a ajiye zancen wai ɗa zai yi sata. Wake, awara, gyaɗa, ƙuliƙuli, fara, kwaɗon zogale da rama, alayyahu, duk suna cikin abin da gida ke iyawa. Gero yana da ayon fiye da farar shinkafa, kuma jiƙa shi a bar shi ya yi tsami, yadda ake yin gasara, yana sakin ayon ɗin. Hanta tana da shi sosai amma bitamin A ɗinta ya yi yawa, a bar ta a watanni ukun farko, bayan nan ma ɗan yanki jefi-jefi.

Nono yana da kyau in an tafasa madarar kafin a kwantar da ita, ɗanyen yana ɗauke da cututtukan shanu da ke iya jawo ɓari. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna a zubar. Gishiri a sayi mai aidin. Goro da shayi da kofi a rage. Mace mai matsakaicin jiki ana so ta ƙara kilo 11 zuwa 16 a duk cikin, wajen rabin kilo a mako daga tsakiyarsa. Wadda damtsenta bai kai santimita 23 ba tana buƙatar kulawa ta daban. Maigida, wannan sashen naka ne. In kwanon da ke da nama kullum naka ne, ita kuma sai abin da yara suka rage, to kuɗin da ka ƙi kashewa a kifi za ka kashe ninkinsa a ledar jini.

Kanwa ma sai an yi magana a kanta. Tana sa ganye ya yi laushi da kore shar, amma tana kashe bitamin ɗin da ke ciki, kuma gishiri ce mai riƙe ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, Davidson da Parry, suka rubuta yawan ciwon zuciyar masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya ƙara da ƙarancin sinadarin seleniyam da rashin abinci mai gina jiki. Ko wanne ya fi laifi, mai kumburi ko hawan jini ba ta da abin yi da kanwa.

Hawan jinin ciki shi ne ɗaya ɓangaren ma'aunin awo. In ya kai 140 bisa 90 bayan mako na 20, aka kuma ga furotin a fitsari, hanyar jijjiga ke nan. Inda abinci ba shi da kalsiyam sosai, ana ba da giram 1.5 zuwa 2 a rana, a raba shi uku, nesa da jar ƙwaya. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, kumburin fuska da hannu har zobe ya ƙi fita, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, duk wadda ta ji ɗaya daga cikinsu ta tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Haka zubar jini ko ɗigo ne, fashewar ruwa kafin lokaci, zazzaɓi, da ɗa ya rage motsi. In ta fara jijjiga a gida, a kwantar da ita a gefen hagu, kada a tura mata cokali ko rubutu ko ruwa a baki, a nemi mota. Allurar magnesiyam salfet ita ce maganin, kuma sai a asibiti ake yin ta.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan labarin daga ranar da aka fara tura mu ƙauyuka awon tafi-da-gidanka, da yadda zamanmu ya kasance da ungozomomin gargajiya.